'Ya'yana Sun Zaunar Da Ni Don In Huta, Hutun Kuma Yana Cinye Ni

Assalamu alaikum Anti mai wannan fili. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon takardata, na daɗe ban samu wanda zan zazzage wa cikina ba. Ba ƙorafi na zo yi ba, wannan ki fara riƙe shi. Idan aka tara iyayen da 'ya'yansu suka yi wa gata ina sahun gaba, kuma kullum ina gode wa Allah. Matsalata ita ce gatan nan ne yake neman kwantar da ni, na kuma rasa bakin da zan faɗa ba tare da na zama butulu ba.

Ni ungozoma ce ta asibiti. Shekarata hamsin da takwas, ashirin da shida daga ciki a ɗakin haihuwa na yi su. Wanda bai taɓa aiki a can ba ba zai gane ba. Kina shiga da safe ba ki san abin da za ki tarar ba. Wata rana mata biyu ne sai hira, wata rana gadaje shida duk a cike, wata na naƙuda a kan benci, wata na zagin mijinta har da kakanninsa, wata ta riƙe miki hannu kamar za ta karya shi. Tsayuwa ce tun daga shigarki har a zo a karɓe ki. Sau nawa shayina ya huce a kan taga har ƙuda ya faɗa ciki. Akwai lokutan da zuciyata ke bugawa har ina jin ta a kunnena, musamman in jini ya ɓalle ko jariri ya fito shiru. Amma Anti, idan na cire safar hannu ina wanke hannuna, na ji kukan jariri a bayana, wani sanyi ne ke sauko mini tun daga ka har tafin ƙafa. In koma gida ƙafafuna a kumbure, in ci abinci kwano biyu, in kwanta kamar an jefar da buhu. Maigidana yana tsokanata wai ko gini aka rushe a kaina ba zan motsa ba. A duk shekarun nan, ban da zazzaɓi da mura ban san wani ciwo ba.

Sai aka yi mini ƙarin girma, aka ba ni shugabancin ma'aikatan jinya na asibitin gaba ɗaya. Kowa ya taya ni murna, ni ma na yi. Aka ba ni ofis mai labule da fanka da kujera mai juyawa, aka ce na huta da tsayuwa. Ashe ban san abin da ake kira gajiya ba sai da na zauna a kujerar nan. Shugabanni biyu ne a sama da ni, babban likita da sakataren asibiti, kuma ba sa ga-maciji da juna. Wannan ya ce in yi kaza, wancan ya ce wa ya ba ni izini. Takarda ɗaya sai ta yi sati uku tana yawo tsakanin ofisoshinsu, ni ce mai kaiwa ni ce mai dawowa da ita. Safar hannu ta ƙare a sito, ba ni ke saye ba, amma ni za a kira a tsare da ido. Jadawalin aiki kuwa, duk yadda na tsara shi sai wata ta shigo da kuka, wata ta ɗauki gaba da ni, wata ta haɗa ni da mijinta a waya. Ma'aikata ashirin ake buƙata, a ba ni goma sha ɗaya a ce in san yadda zan yi. Waɗanda muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya suka koma yin shiru in na shigo. Abin da ya fi ci mini rai, babu ranar da zan ce yau na gama. A ɗakin haihuwa mace ta sauka, shi ke nan an gama. A ofis kuwa rigimar da kika kashe yau ita za ta riga ki zuwa gobe. Wayata ta zama abin tsoro, ko a gida ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Shekara uku na yi a haka. Wuyana ya ƙage, kaina kullum kamar an ɗaure shi da igiya, in kwanta jiki a gajiye amma ido ya ƙi rufuwa. Na zama mafaɗaciya. Maigida malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mutum mai sanyin hali, sai da ta kai yana leƙo fuskata tukuna kafin ya shigo ɗaki. Ni da nake auna jinin mutane ban taɓa zama na auna nawa ba. Wata Laraba muna tsakiyar taro wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ana gardama a kan wanda ya ɓatar da makullin sito, na miƙe zan yi magana sai na ga teburin yana tafiya. Ban farka ba sai a kan gado da ƙarin ruwa a hannu. Hawan jini ne, ya yi hawan da likita ya ce saura ƙiris ɓarin jikina ya shanye. Allah ya tsare.

'Ya'yana uku ne. Babban muna ce masa Injiniya tun yana yaro saboda kwance rediyon babansa da yake yi, Allah kuma ya sa ya zama injiniyan. Sai ta tsakiya, malama ce kamar ubanta, tana aure a wani gari. Sai Auta, tana da shagon ɗinki. A barandar asibiti suka yi shawararsu suka gama ba tare da ni ba. Injiniya ya shigo ya durƙusa a gaban gadona ya ce, Umma kin gama aiki, abin da ya rage namu ne. Saura shekara biyu in yi ritaya, amma na sa hannu a takardar ajiye aiki, kuma wallahi a ranar daɗi na ji.

Anti, ki zo ki ga gata. Aka yi wa ɗakina fenti, aka canza katifa, aka sayo mini kujerar nan da ake kwantar da bayanta, da talabijin mai girman ƙofa, da na'urar awon jini. Auta kullum sai ta biyo kafin ta buɗe shago, ta auna ni, ta ba ni magani, ta tura wa yayyenta sakamakon a waya, ta share gida ta wuce. Surukata matar Injiniya, Allah ya yi mata albarka, ita ke aiko abinci a kula, gishiri kaɗan mai kaɗan, ba ta taɓa fashi ba. Ta tsakiya tana kira sau biyu a rana. Ranar da aka kama ni ina shara, tsintsiyar ma ɓoye ta aka yi, har yau ban san inda Auta ke ajiye ta ba. Wace uwa ce za ta ga wannan ta buɗe baki ta ce tana da damuwa?

Wata biyun farko na ji daɗinsu ƙwarai. Na rama barcin shekara uku, ciwon kan ya tafi, jinin ya sauka ya zauna. Daga nan ne abin ya fara sauyawa a hankali. Na daina sanin ko yau wace rana ce, don Litinin da Asabar duk ɗaya ne. In yi wanka in shirya tsaf, sannan in zauna, ba inda za ni. Na san adadin tayil ɗin falonmu, ɗari da arba'in da huɗu ne, biyu sun tsage. Na fara neman maigida da rigima a kan yadda yake ninke tawul. Shi kuwa hutu ya karɓe shi, yana da rediyonsa da 'yan shuke-shukensa a bayan gida, sai ƙiba yake. Har jadawali na rubuta masa na lokacin ban ruwa na manna a ƙofar kicin, ya karanta ya ce to shugaba, a ina zan sa hannu? Na yi dariya, amma da na shiga ɗaki kuka na yi, ban kuma san dalili ba. Abinci ya fita raina, in buɗe kular surukata in rufe, in roƙi maigida ya ci don kar ta ji babu daɗi. Barcin da na samu ya sake guduwa, wannan karon ba don tunani ba, don jikin bai yi abin da zai gaji ba. Idan na je ganin likita ya duba ya ce komai ya yi kyau, sai in ce alhamdulillahi in taso. Me zan ce masa? In ce hutu ne ke damuna?

Sai wata Litinin, wata biyu da suka wuce. Akwai masu haya a gidan da ke jikin namu, mai gyaran wutar lantarki da matarsa, tana da tsohon ciki na uku. Wajen ƙarfe goma na safe ina zaune ina kallon bango, sai ga maƙwabciyarsu ta faɗo mana gida ko takalmi babu, tana cewa Umma ki zo, faya ta fashe, mijin yana wurin aiki, motar da aka kira ta maƙale a cunkoso. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ina shiga na ga ba maganar jiran mota, kai ya riga ya sauko. Na wanke hannu, na sa aka kawo tawul masu tsabta, na durƙusa a tsakiyar falo. Muryata ta dawo da kanta, wadda na yi shekara ashirin da shida ina aiki da ita: yi nishi, dakata, ja numfashi, to yanzu. Yarinya ta fito da cibiya naɗe a wuya, jiki a sake, ba kuka. Zuciyata na dukan ƙirjina kamar za ta fito, amma hannuna ko rawa bai yi ba. Na zare cibiyar, na share mata baki da hanci, na naɗe ta a tawul ina murza bayanta, ina murzawa ina kiran sunan Allah. Ban san daƙiƙa nawa aka yi ba, a wurina shekara ce. Sai ta yi ɗan tari, sai ta callara kuka. Maƙwabciyar ta zube ƙasa ita ma tana kuka. Motar ta iso, na raka su wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke kusa da mu, na miƙa su hannun ma'aikata, uwa da 'ya lafiya lau.

Daga nan na dawo gida. Na ce wa maigida yunwa nake ji, ya kalle ni kamar na yi wani yare. Na cinye abin da ke cikin kula tas na ƙara da burodi, na kwanta bayan azahar ban farka ba sai da rana ta yi sanyi. Na tashi jikina sakayau, har na kama kaina ina 'yar waƙa ina wanke kwano. Maigida ya leƙo ya ce, sannu da zuwa, ina kika shiga shekara guda? Washegari Auta ta auna ni, jinin yana inda yake kullum.

Labari ya kai kunnen Injiniya, ya baro wurin aiki ya zo. Na san faɗa zai yi, na shirya amsoshina. Ya fara kuwa, wai da na faɗi a can fa, wa zai ɗauki wa? Sai muryarsa ta karye. Ya ce Umma ke ba ki ga kanki ranar da kika faɗi a ofis ba, ni na gani. Na iso ana tura ki a gado, ina kiran ki ba kya amsawa, takalminki ɗaya a ƙafa, ɗayan wata ta miƙo mini na riƙe. Mutum mai shekara talatin da biyar da 'ya'ya uku, ya zauna a bakin gadona yana share hawaye da bayan hannu. Rabona da ganin hawayensa tun yana firamare. Na ce ya yi haƙuri, ba zan ƙara ba. Bakina ne ya faɗa don ya yi shiru, raina bai faɗa ba.

To ga inda nake. Mai riƙe da ƙaramin asibitin nan ɗalibata ce, ni na koya mata aiki. Satin da ya wuce ta zo gaishe ni, ta roƙe ni in riƙa zuwa safiya biyu a sati in tsaya kusa da sababbin ungozomominta. Ta ce ba takarda, ba taro, ba makulli, idona da bakina kawai suke so. Tana jiran amsa ƙarshen wata. Ban faɗa wa kowa ba sai maigida. Ya ce shi dai ya ga matarsa ta dawo rana ɗaya kuma yana so ya sake ganinta, amma ba zai shiga tsakanina da Injiniya ba, wai yaron ya fi shi tsawo.

Anti, yaran nan sun ce abin da suke kira sitires, wato matsin aiki da damuwa, shi ne ya kayar da ni, kuma gaskiya ne. Amma bugun zuciyar da na ji a falon maƙwabta ya ninka na ofis, me ya sa wancan ya kai ni gadon asibiti, wannan kuma ya ba ni ci da barci? Ko dai son zuciya ne nake yi wa kwalliya? In na karɓi aikin na karya alkawari, na kuma saka wa yaran da suka yi mini komai da fargaba. In na ƙi, ina ji a jikina zan ci gaba da narkewa a kujerar nan ina murmushi. Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Taki,
Ungozomar da aka ɓoye wa tsintsiya

AMSA

Wa alaikumus salam Yaya Ungozoma. Na karanta takardarki sau biyu. A karon farko na yi dariya wajen jadawalin ban ruwa, a na biyu na tsaya wajen takalmin da ke hannun ɗanki na kasa wucewa. Bari in fara sauke miki nauyi ɗaya: ke ba butulu ba ce. Butulu ba ya cika shafi guda yana lissafa alherin da aka yi masa kafin ya faɗi abin da ke damunsa. Mutum yana iya gode wa abu da zuciya ɗaya, kuma abin ya zama ya yi masa yawa.

Tambayarki ta bugun zuciya na kai ta wurin wata likita ƙawata, don kar in faɗa miki son raina. Ta ce jiki ƙararrawa ɗaya gare shi. Ko haihuwa kike karɓa ko shugaba ne ke tsare ki da ido, ita ce dai za ta kaɗa: zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya ƙaru, hankali ya tattaru wuri ɗaya. Kaɗawar ba ita ce cutar ba, don ita ce ta sa hannunki bai yi rawa ba lokacin da jaririyar nan ta fito shiru. Abin dubawa shi ne, ana kashe ƙararrawar ko kuwa barin ta ake tana ta ƙara? A ɗakin haihuwa kin san abin yi, abin yana hannunki, yana da farko yana da ƙarshe, kuma kina jin amfaninsa da kunnenki. Jiki ya hau, ya gama aikinsa, ya sauko, ya nemi abinci da barci. Irin wannan matsin yana wasa mutum, yana ba kwanakinsa ɗanɗano. A ofis kuwa an ɗora miki alhaki an hana ki iko. Ana tambayar ki abin da ba ke ke saye ba, ana aiken ki tsakanin mutum biyu da ba ke kika haɗa su faɗa ba, kuma ba ranar gamawa. Shekara uku ƙararrawarki na kaɗawa ba wanda ya kashe ta. Wannan shi ne matsin da ke cin jiki a ɓoye.

Ni ma na san bambancin a ɗan ƙaramin aikina. Ranar da edita ya tsaya a kaina yana duba agogo, a ranar nake rubutun da ya fi kyau, in miƙa in fita ina jin yunwa. Amma na taɓa aiki a inda ba a faɗa miki laifinki, sai dai ki ga fuska ta canza. Aikin can bai kai rabin wannan ba, amma kullum da ciwon ciki nake tashi.

Kuskuren 'ya'yanki ɗaya ne, kuma kuskure ne na masu ƙauna. Sun ga aiki ya kayar da ke, sai suka haɗa aikin duka suka fitar, mai cutarwa da mai rayarwa. Suka bar ki da abu na uku da mutane ba su cika ɗauka a bakin komai ba, wato wayewar gari ba wanda ke buƙatar ki. Ga wanda ya saba a kira shi da gudu, wannan ma nauyi ne, kuma jikinki ya riga ya faɗa miki: ci ya tafi, barci ya tafi, kuka ba dalili.

Yanzu ki gyara zama, don zan koma ɓangaren Injiniya. Yaron nan ba rigima yake ba. Ke labarin faɗuwarki aka ba ki, shi da idonsa ya gani, kuma har yau yana ɗauke da ranar nan shi kaɗai. Sannan yana da hujja. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, kin fi ni sani. Awo ɗaya mai kyau washegarin rana mai daɗi ba shaida ba ne cewa jikin shekara hamsin da takwas zai ɗauki abin da na talatin ya ɗauka. Kuma ki yarda, ke ba ki iya cewa a'a ba. Matar da ta yi shekara uku tana auna jinin kowa ban da nata, ita ce za a ce wa safiya biyu, bayan wata uku a same ta da makullin sito a jaka tana tsara jadawali. Aikin da kike so ma yana iya rikiɗa ya zama irin wancan idan aka bar shi ba iyaka. Tsoron da ɗanki ke ji ke nan, ko da bai iya faɗar shi haka ba.

Saboda haka shawarata ba ki karɓa ba ce kai tsaye, ba kuma ki ƙi ba ce. Ki fara da likitanki, kuma wannan karon ki daina yi masa alhamdulillahi ki taso. Lambobin jini kawai yake gani, bai san ba kya ci ba, bai san kina shiga ɗaki ki yi kuka ba. Ki faɗa masa duka, don irin wannan dusashewar rai abu ne da likitoci suka sani kuma suke dubawa, ba raki ba ne. Ki tafi da Injiniya, ki bar shi ya yi duk tambayar da ke cinsa, ya ji amsa daga bakin da ba naki ba. Idan likita ya ce a dakata, ki dakata, a nemi wani abin da zai motsa ki wanda bai kai wannan zafi ba, ko da koyar da ɗalibai ne a aji kina zaune.

Idan ya ba da izini, ki karɓa a matsayin gwaji na wata uku, kuma ki sa ɗalibarki ta rubuta sharuɗɗan a takarda, yaranki su gani. Safiya biyu, ki tashi a kan lokaci ko da gadaje a cike suke. Ba kwana, ba kiran waya a gida, ba riƙon komai. Ke mai nunawa ce, hannun na yara ne, in ba haka ba ba za su taɓa koya ba. Maganinki da awonki su ci gaba yadda suke. Sannan ki riƙa yi wa kanki tambaya ɗaya duk ranar da kika dawo: gajiyar nan, abinci da barci suna wanke ta? In suna wankewa, kina kan hanya. In kika ga kin tashi da ita, wuya ya fara ƙagewa, waya ta fara faɗar miki da gaba, maigida ya koma leƙen fuskarki, to abin ya juya, ki ajiye ba tare da jin kunya ba. Ki ba Injiniya da Auta damar su faɗa miki in sun ga alamun kafin ke ki gani, ki kuma yi alkawarin za ki saurara. Wanda aka ba aikin tsaro hankalinsa ya fi kwanciya a kan wanda aka ce ya zuba ido kawai.

Maigida kuma ki gaishe shi, ki ce na ce tsawon yaro ba hujja ba ne. Shi kaɗai ne ya ga kular da ake rufewa ba a ci ba, shi ya ga ranar da kika dawo. Shaidarsa ta fi taki ƙarfi a wurin yaran, don ke za su ce son aiki ne. Ya daure ya zauna a wurin maganar ya faɗi abin da ya gani.

Alkawarin da kika yi wa ɗanki kuwa, kar ki karya shi a ɓoye, kar kuma ya ji labarin a bakin wani. Ki kira shi shi kaɗai kafin ƙarshen watan. Kar ki fara da maganar aiki. Ki fara da godiya, irin wadda kika rubuto mini, don ina zargin ni kika faɗa wa ita dalla-dalla, su ba su taɓa ji ba. Sannan ki ce ya ba ki labarin ranar da kika faɗi tun daga kiran da aka yi masa, ki saurara har ya gama ba ki katse shi ba. Bayan nan ki faɗa masa gaskiya, cewa kin ce ba za ki ƙara ba ne don ba ki iya ganin hawayensa, kuma shekarar nan da yake ganin kina hutawa, ba lafiya kike ba. Zai ji zafi, don yana ganin ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma ya yi. Amma yaron da ya baro aikinsa ya zo ya yi kuka a bakin gadonki ba kujera yake so ya cika ba, uwarsa yake so ta daɗe. Ki nuna masa hanyar da za ta daɗe ɗin, ki ba shi lokaci ya juya maganar.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya yi wa yaran nan albarka ya ba su masu yi musu kamar yadda suka yi miki, ya raya jaririyar maƙwabta. Ya kuma sanya albarka a hannun nan naki, ko a ɗakin haihuwa ko a gida.